Naƙasassun Agye, Gazawa da Gidan Runji: Sadaka ta isa ƙauye, doka ta tsaya a Yamai

Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993, hukumomin riƙon ƙwarya na Jamhuriyar Nijar sun fitar da wasu dokoki biyu da suka shafi mutanen karkara kai tsaye. Ɗaya, mai lamba 93-015, ita ce ta aza harsashin dokar filayen noma da kiwo. Ɗayar kuma, mai lamba 93-012, ita ce ta tsara yadda ƙasa za ta kare naƙasassu. Rana ɗaya aka haife su, amma ba su girma tare ba. Dokar filaye ta samu kwamitoci tun daga gunduma har zuwa ƙauye, ta yadda manomi a Cadawa ko Saye Sabuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan aka ci masa iyakar gona. Makahon da ke maƙwabtaka da wannan manomi kuwa, da wuya a ce wani ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa akwai dokar da aka rubuta dominsa.

Fiye da shekara 30 ke nan, kuma har yanzu abin da ya fi saurin isa ga naƙasasshe a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji na jihar Maraɗi shi ne sadakar ranar Juma'a da ta ranar kasuwa. Sadaka alheri ce, babu mai musun haka. Sai dai mai bayarwa ne ke yanke nawa zai bayar da ranar da zai bayar, kuma ba a kai shi ƙara in ya hana. Gurbi a makaranta, kason gado a gona, suna a takardar rabon hatsi da kujera a wurin shawara, waɗannan haƙƙi ne, kuma hukuma ce ake bi bashinsu.

Matsalar ta soma ne tun daga ƙidaya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa gundumomin uku a haɗe suna da mutum sama da dubu 900, fiye da rabinsu a Gidan Runji, sauran a Agye da kuma Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011. Ƙidayar ta ce kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijar ne ke da naƙasa. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan gundumomin uku, ana maganar mutum kusan dubu 40 tun a wancan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta kiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, wato kimanin biliyan 1.3, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. Da wannan ma'auni adadin zai doshi dubu 150. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ba ƙarama ba ce, kuma dalilinta sananne ne. Idan mai ƙidaya ya tsaya a ƙofar gida ya tambaya ko akwai naƙasasshe, maigida zai tuna da gurgu da makaho. Ba zai ambaci tsohuwar da yana ta rufe wa ido ba, ko yaron da sanƙarau ya toshe wa kunne, ko mai farfaɗiya, ko mai taɓin hankalin da aka ɗaure a bayan ɗaki saboda kunyar idon jama'a. Wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a yi kasafi da shi.

Yawancin naƙasar da ake gani a wannan yanki tana da tarihin da za a iya bi. Shan-inna ya bar ɗimbin matasa da magidanta a kan kekuna da sanduna kafin a ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Annobar sanƙarau ta 1995 da 1996, da wadda ta sake ɓarkewa a 2015, sun bar kurame a garuruwa da dama. Ƙyanda da tamowa suna cin idon yara, kuma jihar Maraɗi ce ta fi ɗanɗana kuɗarta a yunwar 2005. Doguwar naƙuda ga yarinyar da aka aurar da wuri tana ƙarewa da yoyon fitsari. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Gidan Runji, Cadawa, Agye da Gazawa, ita ma tana ƙara nata kason kullum da haɗurran motoci da na kabu-kabu. Kusan duk waɗannan abubuwa ne da allurar rigakafi, ungozoma mai horo, abinci da hanya mai kyau suke karewa. Don haka al'ummar da ta gaza kare mutum tun farko ba ta da bakin cewa ɗawainiyarsa ta danginsa ce kaɗai.

A takarda, Nijar ba ta baya. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a ranar 24 ga Yunin 2008. Ta gyara dokar 1993 a shekarar 2010, sannan a watan Disambar 2019 ta kafa sabuwar doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin ƙasa. Akwai tanadin da ya wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama ya ware kashi 5 cikin ɗari na gurabensa ga naƙasassu. Akwai ranar 31 ga Yuli da ƙasa ta keɓe musu, ga kuma 3 ga Disamba ta duniya baki ɗaya. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ta daɗe tana fafutukar ganin an aiwatar da waɗannan tanade-tanade, kuma wasu masu digiri sun samu aikin gwamnati ta wannan ƙofa.

Amma rigar an ɗinka ta ne da awon mutanen birni. Kamfani nawa ne a Gangara ko Gidan Sori ke da ma'aikata 20? Arzikin waɗannan gundumomi yana cikin gero, dawa, wake, gyaɗa, aya da awaki, kuma ƙofar shiga wannan arziki ita ce gona. Yankin Agye da kewayensa na cikin wuraren da ƙasar noma ta fi ƙaranci a Nijar saboda yawan jama'a, har mata masu lafiya ma gamanarsu na kuɓuce musu. A irin wannan matsi, ranar rabon gado ba a rasa mai cewa wane ai ba ya iya noma, a bar kasonsa a hannun wansa ya riƙa ciyar da shi. Da wannan magana mai kama da tausayi ake raba mutum da abin da shari'a ta ba shi, alhali ko bai riƙe hauya ba yana iya ba da haya, ya sa 'yan ƙwadago, ko ya bar wa 'ya'yansa.

Haka abin yake a shirye-shiryen tallafi. Aikin gyaran fako da ake biyan kuɗi a kansa yana buƙatar mai iya haƙa da ɗaukar ƙasa. Hatsi mai rangwamen farashi yana buƙatar mai iya zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya tsaya layi cikin rana ya yi turereniya. Sanarwar ranar rabo ta rediyo ko bakin sanƙira ba ta shiga kunnen kurma. Babu wanda ya zauna ya ce a cire naƙasassu daga waɗannan shirye-shirye, amma yadda aka tsara su ya cire su.

Makaranta ma haka. Makarantar makafi ta Soly Abdourahamane tana Yamai, ɗaruruwan kilomitoci daga nan. Cibiyar Danja, wadda ke kula da masu cutar kuturta tun shekarun 1950 kuma aka ƙara mata asibitin yoyon fitsari a 2012, tana kudu da birnin Maraɗi. Uban da ke wani ƙauye a bayan Gazawa, wanda kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa ya fi ƙarfin aljihunsa, yakan zaɓi ya bar yaron a gida. Sau da yawa hasarar kan zama biyu, domin idan makaho ya fita bara sai an cire wani yaro mai ido daga aji ya zama ɗan jagora.

Wannan hali na mantawa da wanda ke can ƙarshen layi ba a Nijar kaɗai aka san shi ba, kuma abin da ya faru da baƙaƙen fata naƙasassu a Amurka darasi ne. A watan Afrilun 1977 naƙasassu suka mamaye wani ginin gwamnatin tarayya a birnin San Francisco, suka yi zaman dirshan na kusan mako huɗu, har sai da gwamnati ta sa hannu a kan ƙa'idojin da suka hana nuna musu wariya a duk wurin da ke karɓar kuɗin gwamnati. Cikinsu akwai Brad Lomax, baƙar fata mai tafiya a keken guragu kuma ɗan ƙungiyar Black Panther. Ta dalilinsa ne ƙungiyar ta riƙa kai wa masu zaman dafaffen abinci kullum, abin da ya ba su ƙarfin jurewa. Duk da haka, shekaru da dama ana ba da labarin wannan nasara ba a cika ambatonsa ba. Ya rasu a 1984, kuma sai a 2020 jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa cikin jerin mutanen da ta ce ta yi sakaci da su. Masu fafutukar 'yancin baƙar fata sun ɗauke shi a matsayin naƙasasshe, masu fafutukar naƙasassu kuma fuskokin Turawa suka fi sa wa a gaba. Daga irin wannan ƙorafi ne wasu naƙasassu baƙaƙe da sauran waɗanda ba Turawa ba suka fito, wajen shekarar 2005, da ra'ayin cewa doka kaɗai ba ta isa ba, sai an fara gyara daga kan wanda nauyi biyu ko uku suka haɗu a kansa.

Afirka ta Yamma ta ci moriyar wani daga cikin irin waɗannan mutane. Andrew Foster, kurma baƙar fata da ya tashi a lokacin da ake raba makarantun kurame na fari da na baƙi a kudancin Amurka, ya kammala kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya zo Ghana a 1957, sannan ya kafa makarantun kurame sama da 30 a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ɗalibai nawa ne a makarantun horon malamai na ƙasar Hausa suka taɓa jin sunansa? Rashin daidaiton bai tsaya a tarihi ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari kacal na masu buƙatar kayan taimako, irin su keken guragu, tabarau da na'urar ji, ke samunsu, alhali a ƙasashe masu arziki adadin yana kaiwa kashi 90.

Mai karatu zai iya cewa a Agye ko Tibiri kowa baƙi ne, to ina ruwan wannan yanki da batun launin fata? Gaskiya ne ba a raba layi da launi a kasuwar Gazawa. Amma akwai wasu ma'aunai da ake auna darajar mutum da su, kuma aikinsu ɗaya ne. Akwai asali: shari'ar Hadijatou Mani, wadda kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke a watan Oktoban 2008, ta tabbatar da cewa bauta ta gado ba tatsuniya ba ce a Nijar, shekara biyar bayan dokar 2003 da ta mayar da ita laifi. Akwai jinsi: gurgu namiji yakan yi aure ya tara iyali, mace mai irin lalurarsa kuwa takan ƙare a ɗakin uwarta, kuma kurma ko mai taɓin hankalin da aka yi wa fyaɗe ba ta da bakin kai ƙara. Akwai zabiya, wanda fatarsa ce ke jawo masa tsangwama ga kuma raunin gani da ciwon rana. Launin fatar kansa ma yana jiran 'yan Nijar a ƙetaren hamada, inda ake kwaso baƙaƙe daga biranen Aljeriya, cikinsu har da mabarata, a zube su kusa da Assamaka su ƙarasa da ƙafa.

Sai kuma gudun hijira, wanda ya fi shafar Gidan Runji. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga a jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka koro dubban mutane zuwa ƙauyukan bakin iyaka. Kafin ƙarshen wannan shekara hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura dubu 40, daga baya aka mayar da wasu Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau domin nisantar da su daga iyaka. Idan 'yan bindiga suka faɗa wa gari da dare, mai ƙafa ne ke tsira. Kurma ba ya jin harbin farko, makaho bai san ta ina aka ɓulle ba, gurgu kuma sai in an samu mai goya shi. Wanda ya samu ya tsallako, ya zama baƙo kuma naƙasasshe a garin da masu masaukinsa ma hannu baka hannu ƙwarya suke. Idan har tsarin agaji bai fara da irin wannan mutum ba, to da wa zai fara?

Ba daga waje za a aro girmama naƙasasshe ba. Masarautun ƙasar Hausa sun daɗe da sarautun sarkin makafi, sarkin guragu da sarkin kutare, wato sun yarda cewa waɗannan jama'a ne masu shugabanci da bakin magana a fada. Kurame suna da maganar hannu tasu ta Hausa wadda suka gada tun kafin zuwan makarantun zamani. Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun yana ƙarami, shi ya tsara Waƙar Infiraji da ake rerawa daga Zazzau har Katsinar Maraɗi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A Kano, waɗanda shan-inna ya shafa sun kafa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Malamai kuma sun san cewa Suratu Abasa ta sauka ne a kan sha'anin makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zama ladan kuma aka sha bar masa riƙon Madina. Abin takaicin shi ne yadda aka rage wa waɗannan sarautu daraja, har ya zama ba a tuna sarkin makafi sai ranar rabon zakka ko lokacin da 'yan siyasa ke neman ƙuri'a.

Hukumomi za su ce baitulmali ba kuɗi, ga matsalar tsaro, ga tallafin ƙetare ya ja baya tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yawancin abin da ake nema a nan tsari ne, ba kuɗi masu yawa ba, kuma mutanen wannan yanki sun riga sun nuna abin da tsari ke iya yi. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, manoma suka kafa kwamitin da ke kula da tohon itatuwa a gonaki, da dokoki da tara ga mai sara ba izini, har aka riƙa zuwa daga wasu ƙasashe ana koyon yadda suka mayar da fako ya yi inuwa. Ƙauyen da ya iya sanin itacen kowace gona ba zai kasa sanin makafinsa da kuramensa ba.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ragamar ƙananan hukumomi tara na waɗannan gundumomi, wato Agye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Gidan Runji, Cadakori, Gidan Sori, Saye Sabuwa da Tibiri, tana hannun kantomomin da gwamnati ta naɗa. Su ne ya kamata su fara. Aiki na farko shi ne rajista gida-gida tare da masu gari, limamai, jami'an kiwon lafiya da sarakunan naƙasassu, da tambayoyin da masana ƙidaya suka daɗe da amincewa da su: ko mutum na shan wahalar gani, ji, tafiya, tuna abu, kula da jikinsa ko fahimtar magana. Tambaya irin wannan ba ta kunyata kowa, kuma tana fito da waɗanda aka ɓoye.

Na biyu, duk kwamitin da ke zaɓen masu cin gajiyar tallafi, da kwamitin filaye na ƙauye, da kwamitin kula da makaranta, a ba naƙasassu kujera a ciki, mace da namiji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shirin aiki don kuɗi a ware musu ayyukan da suke iyawa, kamar rainon dashe, riƙe rajista da tsaron kayan aiki, wanda ba ya iya komai kuma a ba shi kasonsa ba sharaɗi. A kai hatsin rangwame ƙofar wanda ba ya iya zuwa layi. Alƙalai da sarakuna su tsaya a ga cewa kason naƙasasshe a gado an rubuta shi da sunansa.

Na uku, kada a sake amincewa da ginin aji, ɗakin shan magani, famfo ko makewayi da kuɗin jama'a ba tare da gangara da ƙofar da keke zai shiga ba, domin sa ta tun a zane ya fi arha a kan fasa gini daga baya. Hukumar ilimi ta jiha ta horar da aƙalla malami ɗaya a kowace ƙaramar hukuma kan maganar hannu da rubutun makafi, yadda yaro zai yi karatu kusa da gidansu. Masu walda na Agye da Gidan Runji da ke gyaran amalanke da babura za su iya ƙera kekuna da sanduna in an ba su samfuri da kwangila, kuma kayan da aka ƙera a gari a gari ake gyara su. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a garuruwan 'yan gudun hijira su riƙa bayyana adadin naƙasassun da suka kai gare su, ba jimillar buhunan da suka raba kaɗai ba.

Kafafen yaɗa labarai da gidajen rediyon karkara su ma suna da nasu laifin da nasu aikin. Ba a cika miƙa wa naƙasasshe makirufo ba sai ranar 3 ga Disamba ko ranar da wani babba ya zo raba kekuna. Makahon da ke noma yana da ra'ayi a kan farashin taki, gurguwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana da abin cewa a kan harajin kasuwa, kuma ya kamata a ji su a kan waɗannan batutuwa kamar kowa.

Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a Addis Ababa a 2018, ta fara aiki a 2024, kuma za a ci gaba da taruka a kanta a manyan otal-otal. Ma'aunin da ya dace a auna gwamnan Maraɗi, shugabannin gundumomin uku da kantomominsu da shi ya fi wannan sauƙi. Idan 31 ga Yuli ta zagayo, kowace ƙaramar hukuma ta fito ta faɗi naƙasassu nawa ta yi wa rajista, yara nawa daga cikinsu ke aji, mutum nawa suka karɓi gonarsu ta gado, kuma su wa ke zaune a kwamitocinta. Kantoman da ya zo taron da jawabi da buhunan shinkafa kaɗai, sarakunan naƙasassu da 'yan jarida suna da ikon tambayarsa ina sauran.